Dokin Cikin Inji da Wat Ɗin Jikin Kwali

Ƙannena, ranar da Allah ya ba matashi mota, tambaya biyu ce ke fara zuwa bakin abokansa: "Doki nawa ce?" da "Yaushe za ka sa mata sauti?" Kafin mako ya zagayo ya nufi kasuwa, ya dawo rungume da kwali mai walƙiya wanda aka rubuta wa wat 5000 da manyan jajayen haruffa, ya miƙa wa mai rewaya makulli, ya koma inuwa yana jira. Ba na ganin laifin mai son sauti mai daɗi. Tafiyar Kano zuwa Maiduguri doguwa ce, kuma karatu ko labarai ko waƙa mai fita tas suna rage wa direba gyangyaɗi. Abin da ke damuna shi ne yadda lamba ke sa yaro mai hankali ya zubar da kuɗin da ya sha wuya kafin ya tara, wani lokaci har ya ƙona wayoyin motar da bai gama biya ba.

Wanda ya taɓa sayen hatsi ya san mudun wannan kasuwa ba lallai ya zo daidai da na waccan ba, shi ya sa yake tambayar da wane mudu aka auna kafin ya yi ciniki. Wannan tambayar nake so ku riƙa yi wa duk lambar da kuka gani a jikin inji ko a jikin kwali: wa ya auna, da wace ƙa'ida, a wane hali?

Mu fara da dokin. James Watt, injiniyan nan ɗan Sikotland, shi ya yaɗa wannan ma'auni a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da yake tallar injinsa mai aiki da tururi ga masu ma'adinai da masana'antu waɗanda da dawaki suka saba aiki. Ya ƙiyasta cewa doki ɗaya na iya ɗaga nauyin fam 33,000 tsawon ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya. A ma'aunin lantarki na yau, wannan ya kama wat 746. Ƙasashen Turai masu aiki da mita da kilo suka yi nasu: ɗaga kilo 75 tsawon mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya, wanda ya kama wat 735 da rabi. Shi ne Jamusawa da Japanawa ke rubutawa PS. Don haka injin da takardar Jamus ta ce PS 100 ne, a lissafin Amurka bai cika doki 99 ba, a kilowat kuma 73 da rabi ne. Wannan bambancin ƙarami ne, kada ya hana ku barci.

Babban bambancin yana wajen yadda ake gwajin. Har zuwa 1971 kamfanonin motocin Amurka kan ɗora inji tsirara a kan bencin gwaji: ba salansa, ba matatar iska, ba fanka, ba altanetan da ke cajin batir, sannan a daidaita mai da wuta yadda zai fi bayar da ƙarfi. Lambar da ta fito ita ake bugawa a talla. Amma ai ba wanda ke tuƙa inji tsirara. Daga motocin 1972 aka koma auna inji da duk kayan da zai ɗauka a cikin mota, bisa ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE. A 1971 wasu kamfanoni sun buga lambobin biyu gefe da gefe, kuma a nan ne asiri ya tonu. Cadillac Eldorado mai injin lita 8.2 doki 365 ce a tsohon ma'auni, a sabon kuma 235. Inji ɗaya, shekara ɗaya, doki 130 sun ɓace ba tare da an kwance ko noti guda ba.

Kada ku ce wannan tsohon labari ne. A tsakiyar shekarun 2000 SAE ta sake tsaurara ƙa'idar, ta toshe kafofin da kamfanoni ke bi, ta kuma fito da tsarin da wani shaida daga waje zai tsaya a kan gwajin. Toyota Camry mai silinda shida lita 3.0, irin wadda ta cika titunanmu, a 2005 doki 210 aka rubuta mata, a 2006 aka rubuta 190. Injin bai canza ba. Idan dillali ya ce maka ta 2005 ta fi ta 2006 ƙarfi da doki ashirin don haka ka ƙara kuɗi, yanzu ka san amsar da za ka ba shi. Akwai ma lokacin da lamba ta yi ƙarya ta ƙasa: daga wajen 1989 zuwa 2004 kamfanonin Japan sun yi yarjejeniya tsakaninsu cewa ba za su tallata mota da fiye da PS 280 a cikin gida ba, alhali an san wasu, irin su Nissan Skyline GT-R, sun wuce haka.

'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru suna da nasu ruɗanin. Lambar CV da ke cikin takardar mota a tsarin da aka gada daga Faransa ta haraji ce, lissafi ne na hukuma don sanin abin da za ka biya. Motar nan ta Citroën da ake kira 2CV, wadda ta fito a 1948, a wajen mai haraji doki biyu ce, injinta kuwa doki tara yake bayarwa.

Ko da lambar gaskiya ce, ku san inda aka same ta. A bakin inji ake aunawa, kafin ƙarfin ya bi ta giya ya isa taya, kuma a hanya akan yi asarar wajen kashi 15 cikin 100. A can ƙololuwar juyin inji ake samun ta, wajen juyi 6,000 a minti, inda ba wanda ke zama a cunkoson gari. Sannan an ƙiyasta ta ne da iska mai zafin digiri 25 a ƙa'idar Amurka, ko 20 a tsohuwar ƙa'idar Jamus, a kusa da matakin teku. Iska mai zafi ba ta da kauri, iskar tudu ma haka, inji kuwa da iska yake ƙona mai. Injin da ba shi da turbo kan rasa wajen kashi 3 cikin 100 a duk hawan mita 300, don haka a Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, fiye da kashi 10 cikin 100 ya tafi tun kafin a yi maganar tsufa. Motar da ta yi shekara goma sha biyar a waje kafin ta sauka Kwatano, ƙarfinta na yau yana hannun mai gyaran da ke canza mata fulogi da matatar iska da baƙin mai a kan lokaci.

Me ya haɗa wannan da rediyo? Doki da wat abu ɗaya suke aunawa, wat ɗin ma sunan James Watt aka sa masa. Tunda doki ɗaya wat 746 ne, kwalin da ya ce wat 5000 yana iƙirarin cewa ɗan akwatin da za ka ɗauka da hannu ɗaya yana fitar da ƙarfin doki kusan bakwai, irin na injin ban ruwan da ake kai wa fadama. Da ka juya lambar haka, kai da kanka za ka ji ba ta zauna ba.

Ga lissafin da nake so kowannenku ya iya, don ba ya buƙatar komai sai wayar hannunka. Idan inji na aiki, wutar mota kan kai bolt 14.4. Yawancin sifikun mota om 4 ne. Ka ninka 14.4 da kanta, ka raba da 4, za ka samu kusan 52. Daga nan ne "50W x 4" ɗin da ke goshin kusan kowace rediyo ya fito. Amma wannan shi ne iyakar abin da wutar za ta iya turawa idan an matse sautin har ya lalace gaba ɗaya, ya zama ƙara. Sauti mai tsabta rabin haka yake samu a lissafi, wato wajen 26, a aikace kuma bai kai nan ba. Shi ya sa idan ka buɗe littafin rediyo ta kamfanin kirki, can ciki da ƙananan haruffa za ka ga wat 22, wani lokaci ma 14, ga kowace sifika. Ita ce lambar gaskiya, ita ake kira RMS, wato ƙarfin da na'ura za ta iya riƙewa ba yankewa. Wanda aka rubuta wa PMPO kuwa ba shi da wata ƙa'ida da aka yarda da ita, kowane kamfani abin da ya ga dama yake bugawa.

Masu sauti ma sun bi hanyar da masu inji suka bi. A 1974 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta tilasta wa masu sayar da amfilifayar gida su faɗi ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa. Daga baya masana'antar ta fito da ƙa'idar CEA-2006 don kayan mota: a auna da bolt 14.4, da sifika om 4, kuma gurɓacewar sauti kada ta wuce kashi 1 cikin 100. Idan ka ga tambarinta a kwali, lambar ta fi cancantar a yarda da ita, ko da yake jabu ma tambari yake bugawa. Shaidar da ta fi wuyar saye ita ce fis. Juya na'urar ka duba bayanta. Idan fis ɗin amfiya 10 ne, ka ninka da 14.4, wat 144 ke nan, kuma in aka daɗe ana jan abin da ya wuce haka fis ɗin zai tsinke. Na'ura ba ta fitar da abin da bai shige ta ba, hasali ma wani kaso zafi yake zama. Amfilifaya mai fis na amfiya 30 za ta ba ka tsakanin wat 200 da ɗoriya zuwa 350, gwargwadon ƙirarta, ko me kwalin ya ce.

Kuma wat ba shi ne daɗin sauti ba. Idan ka ninka ƙarfi sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara, ɗan bambanci ne a kunne. Kafin kunne ya ji sauti ya ninka, sai an ninka ƙarfin wajen sau goma. A ganina, matashin da kuɗinsa ba su da yawa ya fara da sifikun ƙofofin gaba. Na motar da ta tsufa galibi rana da ƙura sun cinye gefensu, takardar ta yage, shi ya sa suke kakari. Sifiku biyu masu kyau, a ɗaure su tamau ba rata, za su faranta maka rai fiye da ƙaton wufa a but.

Kafin ka cire rediyon asali, ka san dalilin da ya sa ba ta gamsar da kai. Tsohuwar motar da aka ƙera don kasuwar Japan, rediyonta a zangon FM kan tsaya daga 76 zuwa 90, don haka ba za ta kama Freedom Radio a 99.5 ba ko da a ƙofar gidan rediyon ka yi fakin. Ta Amurka kuma a zangon AM da goma-goma take tsallake, alhali tashoshin Afirka da Turai tara-tara aka jera su. Idan za ka sayi sabuwa, ka tabbatar ana iya sauya mata yanki. Ka kuma auna ramin dashbod. Ma'aunin da aka saba faɗin milimita 180 ne da tsayin 50, mai hawa biyu kuma tsayin 100, amma yawancin Toyota raminsu ya fi haka faɗi, sai da 'yan fikafikan cike gefe. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 rediyonta haɗe take da madannan na'urar sanyaya mota, wanda ya fizge ta da gaggawa zai zauna cikin zafin bazara da sauti mai daɗi.

Yanzu ranar aiki. Kada ka koma inuwa, ka tsaya a kansa. Mai rewayan kirki ba ya jin haushin mai mota da ke tambaya cikin ladabi, "Malam, wannan wayar ina za ta?" Abu na farko, a cire kan batir na nagetif. Idan rediyon asali mai lambar sirri ce kuma kana so ka adana ta, ka nemi lambar tukuna. Abu na biyu, kuma a nan na fi tsayawa: kada a yanke soket ɗin mota. Akwai 'yar mahaɗa da ake sayarwa daidai da kowace irin mota, gefe ɗaya ya shiga soket ɗin asali, ɗaya gefen a haɗa da wayoyin sabuwar rediyo a kan tebur, cikin haske. Kuɗinta kaɗan ne. Wanda ya sa almakashi ya datse soket ya bar wa duk mai gyaran da zai zo bayansa wasan ƙwaƙwalwa, ya kuma rage wa motarka daraja ranar sayarwa.

Launin wayoyin rediyon kasuwa kusan ɗaya ne a ko'ina, ku haddace shi. Rawaya wutar batir ce kullum, ita ke riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye. Ja tana samun wuta ne idan an murɗa makulli. Baƙa ta jikin ƙarfen mota ce. Shuɗiya ta eriya ce, shuɗiya mai farin layi kuma ita ke tayar da amfilifaya. Fara da ruwan toka na sifikun gaba ne, hagu da dama, koriya da ruwan makuba na baya, kuma a kowane biyu mai baƙin layi ita ce nagetif. Idan ka ga rediyo na mantuwa duk sanda aka kashe mota, an juya ja da rawaya ne, abin da ke yawan faruwa a Volkswagen da Opel saboda soket ɗinsu a juye yake. Idan kuma an murɗe su biyun wuri ɗaya an kai batir don a huta, wata safiya za ka tashi mota ta ƙi tashi. Amma fa launin wayoyin motar kanta daban ne, kuma a can rawaya gargaɗi ce: soket ko rigar waya mai ruwan rawaya a ƙarƙashin sitiyari ko kujera ta jakar iskar kariya ce. Kada ka bari kowa ya tsikare ta da ƙwan gwaji.

Na sha ganin bayan dashbod da aka buɗe: wayoyi an fere su da haƙori, an murɗa, an naɗe da baƙin tef, zafi ya narkar da gam ɗin, tef ya saki yana reto, jan ƙarfe tsirara na gogar ƙarfen mota. A ƙasar da motar da aka bari a rana kan yi zafin da ba ka iya riƙe sitiyari, tef kaɗai ba ya riƙe haɗi. A haɗa da dalma a sa robar da ke tsukewa da zafi, ko a matse da maƙalin da aka yi don haka. Kada a kai nagetif na sifika jikin ƙarfe kamar yadda ake yi wa fitila, domin a rediyon zamani wayoyin biyu duk suna ɗauke da wuta, yin haka ƙona ta yake. Kada kuma a jibga sifiku biyu a waya ɗaya: om 4 biyu gefe da gefe om 2 suke zama, rediyon ta ja ninkin wuta, ta yi zafi ta mutu.

Mai sa amfilifaya yana da ƙarin nauyi, domin zai jawo waya mai kauri daga batir har but. Dole fis ya zauna kusa da batir, kada ya wuce kamu ɗaya, wato wajen santimita 45. Aikinsa kare wayar ne da motar. Batir na iya tura ɗaruruwan amfiya cikin ƙiftawar ido, kuma wayar da ba fis idan ta goge ta taɓa ƙarfe, ja take yi ta kunna kafet. Inda za ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da ɗaki, a sa mata zoben roba. Ka kankare bakin wayar da wuƙa kafin ka biya: idan cikinta fari ne, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaske, sai an ƙara kauri. Madannin nan na jikin amfilifaya da ake murɗawa ƙarshe don "ta buga", na daidaita ta da rediyo ne. In an wuce da shi, sauti ya tsage, kuma tsagaggen sauti ne ke ƙona ƙananan sifiku, ko da amfilifayar ƙarama ce.

Duk wutar nan daga inji take fitowa. Altanetan ƙaramar mota kan bayar da amfiya 80 zuwa 100, kuma fitilu da fanka da famfon mai da na'urar sanyi suna da rabonsu a ciki. Wat 1000 na gaskiya, in an buɗe shi gaba ɗaya, zai nemi wajen amfiya 85 shi kaɗai, a wajen inji kuma kusan doki uku ke nan in an haɗa da asarar altaneta. Fitilun da ke lumshewa duk sanda ganga ta buga suna faɗa maka an ɗora wa motar abin da ya fi ƙarfinta.

Akwai wata siririyar waya mai ruwan kore-kore a rediyo mai allo, wadda ake kai wa birkin hannu don bidiyo ya ƙi fitowa sai mota na tsaye. Masu haɗawa kan ɗaure ta a ƙarfe don su burge ka. Ka ce a'a. A gudun kilomita 100, daƙiƙa biyu da ka kalli allo mota ta ci fiye da mita 55 ba mai kallon hanya, a titin da akuya da ɗan acaɓa da ɗan makaranta ke tsallakawa. Kunnenka ma amana ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauti mai ƙarfi, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Idan sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ka rage. Haka in ka zo kusa da masallaci ko asibiti ko ka shigo layi da dare, akwai mara lafiya da jariri a bayan katangar da kake girgizawa.

Kafin a mayar da dashbod, ka sa a gwada komai a gabanka. A karkatar da sauti hagu, dama, gaba, baya, ka ji kowace sifika ita kaɗai. Idan ganga ta fi nauyi a gefe ɗaya amma ta yi rauni da aka dawo tsakiya, an juya wayar sifika guda, a gyara. A kashe mota a kunna, ka ga ko tashoshi na nan. A taka totur, ka saurara ko akwai wani siririn kuka mai tashi tare da inji, alamar baƙar wayar ba ta kama ƙarfe da kyau ba, sai a kankare fenti a sake ɗaurewa. Sannan a ɗora mita a kan batir: mota a kashe ya nuna wajen 12.6, tana aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4, ko da an kunna fitilu da sautin. Ka karɓi tsohuwar rediyonka da littafin sabuwar, ka duba alamar jakar iska ba ta tsaya a kunne ba, sannan ka biya shi haƙƙinsa cikakke.